Goggo da Ɗiyar Mai Ɗori

Jiya da hantsi ƙaramar 'yata ta watsa ruwa a murhu bayan an sauke tukunya, sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar toka ya tashi ya cika tsakar gida. Na daɗe tsaye da tsintsiya a hannu ban yi sharar ba. Kai da ke karanta wannan, wataƙila ƙamshin nan girki kawai yake tuna maka. Ni kam Goggo yake tuna mini, domin da toka take yin furfura tun ba ta kai shekara arba'in ba.

Goggo yayar mahaifina ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, saboda haka da aka yaye ni a Fagada sai aka goyo ni aka kawo mata Jega. Sunan kakata aka sa mini, wato mahaifiyarta, shi ya sa ba ta taɓa kiran sunana ba. Uwata take ce mini, ko tana faɗa ko tana lallashi. Mijinta tela ne a bakin kasuwa, mutum mai sanyin hali wanda ƙarar kekensa ta fi muryarsa yawa. Mu uku ke nan a gidan, sai awaki biyu da bishiyar darbejiya.

Sana'arta ta asali man gyaɗa da ƙuli. Ranar kasuwa mukan zauna a rumfarta tun safe har la'asar, ita tana aune, ni ina tsaron tire. A zahiri ciniki take yi, amma idonta yana kan mutane. Idan mun dawo gida ta ajiye kaya, kafin ta ɗora tuwo, sai ta ce in zauna a kan turmi. Daga nan sai kasuwar Jega gaba ɗaya ta shigo gidanmu. Ta zama Bafulatanar da ke rantsuwa ba ta sa ruwa a nono ba, ta zama dillalin shanu mai lissafi da yatsu a ƙarƙashin riga, ta zama tsohuwar da ke ɗanɗana ƙulin kowace rumfa ba ta taɓa saye ba. Ba ta canja zane, ba ta ɗaukar komai. Kafaɗa kawai za ta sauke, ta karkata baki, sai ka nemi Goggo ka rasa. Ina dariya har in faɗo daga kan turmin. Shekaru muka yi a haka, kuma ni kaɗai ce mai kallo. A tunanina na yarinta, wannan abu nawa ne kamar yadda kwanon cin abincina yake nawa.

Ma'aikatan lafiya ne suka fara fitar da ita waje. Suna shirya wani ɗan wasan kwaikwayo don jawo hankalin mata kan rigakafin yara, suka rasa wadda za ta fito a matsayin kaka mai taurin kai. Wata maƙwabciyarmu da ta saba leƙowa ta katanga ita ta tona. Mijin Goggo ya ce in dai abin amfanin jama'a ne, ta je. Mahaifina ya yi ta ƙorafi daga ƙauye, amma yayarsa ce, ƙorafin bai wuce saƙo ba.

Ana cikin haka aka ba mu jiharmu, aka raba mu da Sakkwato. Komai sabo ake nema a lokacin, har da masu wasa a gidan talabijin na Birnin Kebbi. Wani malamin makaranta da ke shirya wasannin ya zo har rumfar ƙuli ya yi magana da ita. Daga nan duk mako motar a-kori-kura takan tsaya a ƙofar gidanmu. Ni ke tankaɗe mata toka in ƙulle a leda, in zaɓo mata gawayi mai laushi wanda take baƙanta haƙora biyu da shi su koma giɓi, in naɗe tsumman da take cusawa a baya ya zama doro.

Ba ta taɓa zama wadda labari ke kanta ba. Amarya da ango da alhajin birni, waɗannan na wasu ne. Ita kullum uwar wani ce, ko ungozoma, ko mai tuwo-tuwo a tasha, ko maƙwabciyar da ke shigowa aron rariya ta fita da sirrin gida. Wani lokaci fitowarta ba ta fi ta ɗan lokacin shan ruwa ba, amma gobe da safe maganarta ce a bakin rijiya. Har akwai ranar da wata mata daga Liba ta tsaya a rumfarmu ta yi mata tas saboda ta raba auren mutane a wasan makon jiya. Goggo ta sunkuyar da kai ta ce ta tuba, ta ƙara mata gyaran ƙuli, matar ta tafi tana huci.

A unguwarmu gida ɗaya ke da talabijin, baƙi da fari, da batirin mota, da eriya a kan doguwar gora. Bayan la'asar ake fito da shi zaure, mata da yara mu cika wurin har ƙofa. Ranar da na fara ganin tsohuwar nan mai ɗanɗana ƙuli a cikin akwatin, zaure ya kaure da dariya, ni kuwa ban yi dariya ba. Tsohuwata ce. A gabana aka haife ta, ina kan turmi. Ga shi yanzu 'ya'yan maƙwabta suna kwaikwayon tafiyarta a hanyar makarantar allo, ba wanda ya tambaye ni. Ban san sunan abin da nake ji ba a lokacin. Na dai san idan ƙawayena suka ce na ji daɗi da nake kwana ɗaki ɗaya da ita, sai in ji haushinsu.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da ya zo da damina. Goggo ta zame a bakin kwata tana ɗauke da gwangwanin mai, hannunta na dama ya karye a wuyan hannu. Aka kai ta Aliero wurin wani mai ɗori, dattijo mai farin gemu, ta yi kusan wata guda a gidansa. Ni aka mayar da ni Fagada, na yi ta tsinkar tafasa ina ƙirga kwanaki. Da ta dawo, hannun ya kama, amma bakinta bai da zance sai na ɗiyar mai ɗorin. Wai sa'ata ce. Wai idan an gama da majinyata takan laɓe bayan rudu, rumbun ajiye albasa, ta kwaikwayi kukan kowa, na manya daban, na masu cika baki daban. Wai Goggo ta yi dariya har karan ɗorin ya kusa kwancewa.

Mai ɗorin kansa ma ya shiga cikin mutanen da ke zuwa gidanmu da yamma. Goggo takan gyara gemun da ba ta da shi, ta kama hannuna, ta dubi sama, ta ce da murya mai laushi: "Babu zahi, ɗiyata, babu zahi. Dibi tsuntsun can." Sai ta fizge hannun. Haka yake yi wa kowa, in ji ta, kuma kowa sai ya dubi tsuntsun.

Ba a jima ba malamin nan ya buƙaci yarinya da za ta fito a matsayin jikar tsohuwa a wani dogon wasa. Na tabbata ni ce. Wa ya san tsohuwar nan kamar ni? Goggo ta sa ni na faɗi 'yan kalmomi a gabansa a tsakar gida, na faɗa da ƙarfi ina kallon ƙasa. Ya ce madalla. Mako na zagayowa motar ta tsaya a ƙofar gidanmu, ga yarinya zaune a gaba, siririya, baƙa, mai manyan idanu, tana warin albasa da man ɗori. Goggo da kanta ta je Aliero ta roƙi ubanta, ya ba ta amana.

Ina so ka fahimci cewa yarinyar ba ta taɓa yi mini komai ba. Takan kawo mini rake da aya. Takan taya ni wanke-wanke ba a sa ta ba. Wannan ma ya ƙara mini zafi, don na so a ce tana da wani mugun hali da zan kama. Kuma ta iya. Idan aka ce ta yi kuka, hawaye na gaske ke zuba. Idan suna gwaji a ƙarƙashin darbejiya, Goggo ta jefa mata maganar da ba a shirya ba, sai ta cafe ta mayar, su biyun su fashe da dariya suna tafawa. Ni ina gefe ina tankaɗen toka.

Ranar da ba zan manta ba, muna zaure ana nuna wasan. Tsohuwa ta zaunar da jikarta tsakanin ƙafafunta tana yi mata kitso, tana dungurin kanta da bayan yatsa daidai yadda take yi mini. Sai na ji ta ce, "Zauna daidai, Uwata." Ba a rubuce yake ba, na sani, domin na haddace wasan duka. Daga bakinta ya fito. Matan zaure suka juyo suna kallona suna murmushi, wata ta ce an yi mini ƙanwa. Na tashi na fita. Na zauna bayan gidanmu kusa da awaki har aka kira magariba, kuma da Goggo ta tambayi abin da ya kumbura mini ido na ce hayaƙi ne.

Da kaka, bayan an yanke gero ana shirin dashen albasa, aka ce za a kai wasan Maiyama a yi shi a fili gaban jama'a. Yarinyar ta zo Jega tun ana gobe don a tashi da wuri. Da la'asar Goggo ta fita gaisuwar mara lafiya, ta bar mu muna gyaran wake. Ban shirya abin da na yi ba, amma kuma ba zan ce kuskure ne ba. Na tambaye ta ko ta san abin da ke ba mu dariya a gidan nan idan ba ta nan. Ta ce a'a. Sai na miƙe, na gyara gemun da ba ni da shi, na kama hannunta, na dubi sama. Na yi ubanta. Na yi shi yadda Goggo ke yi, sannan na ƙara abin da Goggo ba ta taɓa sawa ba: na sa shi rawar baki, na sa shi haɗama, na mayar da shi wawa. Na ce mata duk unguwa Goggo ke tarawa ta yi musu haka.

Ba ta yi kuka ba, ita da ke iya kuka duk lokacin da aka nema. Ta zare hannunta a hankali ta ci gaba da tsince wake. Da safe ta ce cikinta ke ciwo, gida take so. Akwai kawunta da ke kawo albasa Jega, ta bi shi. Goggo ta yi lallashi har motar wasa ta iso, yarinyar ba ta ko ɗaga ido ta dube ta ba.

Malamin ya rasa yadda zai yi, sai Goggo ta ce ai ga wadda ta haddace komai. Haka na sami abin da na yi wata da watanni ina so. A bayan a-kori-kura, hanyar Maiyama, gonaki sun yi fari da karan gero, ina zaune kusa da ita na riƙe ledar toka, ina ji kamar an naɗa ni sarauta.

A filin makarantar firamare aka yi, da rana tsaka. An haɗa tebura an yi dandamali, an rataya lasifika a bishiya. Mutane har kan katanga. Tsohuwa ta fito da sandarta, fili ya ɗauki ihu tun ba ta buɗe baki ba. Aka turo ni. Abin da zan faɗa kaɗan ne, in ce kaina ke ciwo, in roƙe ta a kai ni asibiti. Na dubi fuskokin nan, sai harshena ya manne. Na ji kukan wani jariri, na ji ƙarar lasifika, na ji gumi yana bin bayana, amma kalma ko ɗaya ta ƙi zuwa.

Goggo ta zagaya ni sau ɗaya tana dogara sanda. Ta leƙa bakina, ta leƙa kunnena, ta juya ga jama'a ta ce, "Ku dibi ikon Allah. Wagga ɗiya azumin magana taka yi yau." Aka kwashe da dariya. Daga nan ita ta yi tambaya, ita ta ba kanta amsa a madadina, ta yi ta gardama da yarinyar da ba ta ce uffan ba, har ta kayar da kanta a gardamar ta yarda a tafi asibiti. Mutanen Maiyama sun ɗauka haka aka shirya wasan. Malamin ma ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Ni kaɗai na lura cewa tun daga farko har ƙarshe "wagga ɗiya" take ce mini.

Bayan kwana uku kawun nan ya tsaya a rumfar ƙuli da saƙo daga mai ɗori. Yana gaisuwa, yana tambayar hannu. Ya ce yarinya ta gama wasa, tunda gidansu ya zama abin dariya a Jega. Goggo ta ci gaba da aunenta har muka tashi kasuwa. A gida ta ajiye kaya, sai ita ta zauna a kan turmi, ta ce mini, "An ce kin iya. Yi man in gani."

Na ce ban iya ba. Ta ce in yi. Na yi, ina kuka ina yi, da rawar bakin da komai, don na ga ba ta da niyyar tashi. Ta kalle ni har na gama.

"Muryar ta yi," in ji ta. "Hannun ma ya yi. Da haka kiy yi Maiyama da ba ki ba ni wahala ba." Ta murza wuyan hannunta. "Amma ni ban taɓa kwaikwayon wanda ba ni so ba. Mutumin ga shi ya gyara man hannun da nika ci da ke da shi."

Ba ta doke ni ba. Washegari ta sa ni gaba muka shiga mota zuwa Aliero. Muka tarar da shi a zaurensa yana ɗaure ƙafar wani manomi. Da ya gama, Goggo ta durƙusa, babbar mace da ake nunawa a talabijin, ta ce laifin nata ne, ita ta fara, yarinya a wurinta ta gani. Ni ma na faɗi abin da na ƙara da bakina. Ya saurara yana shafa gemu. Ya ce babu komai, yara ne, Allah ya shirya. Ya sa aka kawo mana fura. Amma da Goggo ta tambayi ko yarinyar za ta dawo, sai ya ce karatu ya yi mata yawa yanzu. Na hango ta ta ƙofar cikin gida tana yanka ganyen albasa. Ta ga mun zo, ba ta fito ba.

Ba ta sake yin wasa ba har abada. A talabijin aka ce jikar tsohuwa ta tafi birni wurin iyayenta. Ni ma ba a sake gwada ni ba, ban kuma nema ba. Goggo ta ci gaba da ce mini Uwata, ta yi mini aure, ta yi mini wankan jego na 'ya'yana uku na farko. Sai dai kasuwa ta daina shigowa gidanmu da yamma. Idan ina son ganin mutanenta, sai in je zaure in zauna cikin jama'a kamar kowa.

Ta yi shekaru tana aikin. Lokacin da finafinan bidiyo suka cika gari, an kira ta Kano sau biyu ko uku, ta fito uwar wani na ɗan lokaci, ta dawo tana cewa sun fi son ta zauna a kujera ta yi nasiha, ita kuwa ba ta iya zama ba. Daga baya kiran ya ragu, gwiwa ta hana ta hawa mota, ta koma ƙulinta. Har ta rasu, in ta ratsa kasuwa, akwai dattawan da ke tsokanarta da maganganun da ta yi tun 'ya'yansu na goye.

Ranar addu'ar uku wata mata ta shigo, mai jiki, da hijabi ruwan toka, ta zauna kusa da ƙofa. Idanun na gane. Ta gaji ubanta, ita ke yi wa mata ɗori a Aliero yanzu. Ana ta tuna halin marigayiya, sai wata ta ce ina ma a sake jin muryar nan ko sau ɗaya. Ɗiyar mai ɗorin ta sauke kafaɗa, ta karkata baki. Goggo ta yi magana a ɗakin. Ba tsohuwar talabijin ba, Goggo ta gida, yadda take kiran awaki, yadda take tsaki in mai ya ƙi fita. Mata suka yi ta dariya suna share hawaye. Ni da na kwana ɗaki ɗaya da ita shekara goma sha bakwai ba zan iya fitar da ko kalma ɗaya haka ba. Ina zaman makoki, da 'ya'ya biyar, na ji abin nan na zauren talabijin ya dawo mini, sabo fil.

Yanzu kowane yaro a Jega yana da waya, kowa na kwaikwayon kowa ya tura wa duniya kafin ya gama dariya. 'Ya'yana sun nemi kakarsu a ciki sun rasa. Kaset biyu da muke da su zafi ya narkar da zarensu tun tuni, na yi cigiya wurin waɗanda suka yi aiki tare da ita, ba wanda ya ajiye. Abin da ya rage na muryarta a duniya yana maƙogwaron matar da na raba da wasa.

Shi ya sa duk bayan 'yan watanni nakan shiga mota in tafi Aliero. Nakan kai mata man gyaɗa, in jira ta sallami majinyata. Ba ta taɓa tayar da zancen ranar gyaran wake ba, ni kuwa sau ɗaya na fara, ta ce in sha ruwana. Idan gida ya yi shiru sai in ce, "Yi man ita." Takan yi, ba ta taɓa hana ni ba. In saurara, in yi godiya, in fito tasha. A hanyar dawowa, tsakanin gonakin albasa, nakan gwada a hankali cikin mayafi yadda ba mai ji. Har yau ba ta fito ba.